An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Ƙidayar Layuka

Na karanta rubutun da ɗan'uwanmu malamin manhaja ya yi a fitowar da ta gabata, inda ya shawarci masu koyon gina shafukan intanet da su daina kula adadin nan da rumbun bayanai yake dawo da shi bayan an ba shi umarnin UPDATE ko DELETE, wato adadin layukan da umarnin ya shafa. A wurinsa wannan adadi maƙaryaci ne, kuma ya kafa hujja uku. Ta farko, MySQL yakan ce sifili alhali layin da ake nema yana nan daram. Ta biyu, rowCount na PDO yakan ba da amsa a wani rumbun ya ƙi bayarwa a wani idan umarnin SELECT ne. Ta uku, ka saka layi ɗaya da INSERT ... ON DUPLICATE KEY UPDATE a ce maka biyu. Maganin da ya bayar shi ne, kafin ka taɓa komai ka aika SELECT ka duba, in ka gama ka sake aika SELECT ka tabbatar, kuma matuƙar rumbun bai yi ƙorafin kuskure ba, to aiki ya yi.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Hujjojin nan uku duk gaskiya ne, ba zan musa ko ɗaya ba. Hukuncin da Malam ya ɗora a kansu ne ban yarda da shi ba, kuma da a ce maganar ta tsaya ga shafin ajiye hotunan biki da na yi shiru. Amma yaran da ke karanta shi su ne gobe za su rubuta manhajar sayar da data, da ta adashe, da ta biyan kuɗin makaranta. Shawarar da ya ba su ita ce ainihin hanyar da kuɗi ke bi su zube.

Mu fara da sifilin, tunda shi ya fi ba Malam haushi. Ga yadda abin yake faruwa. Mutum ya buɗe shafin gyara bayanansa, ya ga sunansa da garinsu da lambar wayarsa, bai canza ko wasali ba, ya danna maɓallin ajiyewa. PHP ya aika umarni. MySQL ya nemo layin, ya gwada abin da aka kawo da abin da ke ciki, ya ga duk ɗaya ne, bai rubuta komai ba, ya ce sifili. Mai manhajar kuwa ya riga ya tsara cewa da an ga sifili a fito da jan rubutu a ce babu wannan mutum. Sai bawan Allah ya ga ana ce masa ba a san shi ba, alhali yanzun nan ya shigo da kalmar sirrinsa.

To wa ya yi ƙarya? Duk wanda ya taɓa buga umarnin da hannunsa a baƙar tagar mysql ya san amsar ba ta tsaya a sifilin ba. A ƙarƙashinsa akan rubuta:

Rows matched: 1  Changed: 0  Warnings: 0

Wato an samu layi ɗaya da ya cika sharaɗi, ba a sauya ko ɗaya ba. Tambayoyi biyu ne mabambanta. Layi nawa ne suka dace da sharaɗin WHERE? Layi nawa ne abin cikinsu ya sauya? MySQL, in ba a ce masa komai ba, ta biyun yake amsawa. PostgreSQL kuwa ta farkon yake amsawa, ko ka mayar wa layi abin da dama ke cikinsa zai lissafa shi. Mai manhajar da ke cikin labarin Malam ya yi tambaya ta farko a zuciyarsa, ya karɓi amsar ta biyu, ya ce an yi masa ƙarya.

Kuma gyaran bai kai ya kawo ba. Wanda ke son MySQL ya riƙa amsa tambaya ta farko sai ya faɗa masa tun lokacin ƙulla haɗi da rumbun. A PDO sunan abin PDO::MYSQL_ATTR_FOUND_ROWS, a mysqli kuma MYSQLI_CLIENT_FOUND_ROWS, duk kuwa tuta guda suke ɗagawa, wadda takardun MySQL ke kira CLIENT_FOUND_ROWS. Django yana ɗaga ta da kansa, haka ma Connector/J na masu Java in ba ka hana shi ba. Shi ya sa za ka ga mai Django ya shekara yana aiki da MySQL bai taɓa jin wannan kuka ba. Abin da rubutu guda a wurin ƙulla haɗi zai warware, shi ne Malam ya ce saboda shi a yi watsi da adadin baki ɗaya.

Yanzu ga inda maganar take. Ɗauki katin waya, ko duk wata lamba da ake son a yi amfani da ita sau ɗaya tak. A tsarin Malam, idan mutum ya shigar da lambar kati, manhaja za ta aika SELECT ta tambaya ko an loda wannan katin. Rumbu ya ce ba a loda ba. Sai manhaja ta aika UPDATE ta ce a rubuta an loda, sannan ta zuba wa mutumin kuɗi a asusunsa. A kan kwamfutar mai koyo, inda shi kaɗai ke danne-danne, wannan zai yi aiki kullum ba tangarɗa. Amma sabar ba mutum ɗaya take saurara ba. Buƙatu da yawa take ɗauka a lokaci guda, kowace da nata haɗin da rumbun, kowace tana gudunta ba ta san da 'yar'uwarta ba. Tsakanin SELECT ɗin nan da UPDATE akwai 'yar tazara, wani ɗan guntun daƙiƙa, kuma a cikin wannan tazara buƙata ta biyu na iya shigowa da lambar katin nan dai. Ta tambaya, a ce mata ba a loda ba, domin ta farkon ba ta kai ga rubutawa ba tukuna. Su biyun duka su wuce, su biyun duka su zuba kuɗi. Kati ɗaya, loda biyu.

Kamar ka leƙa mota a tasha ne ka ga saura kujera ɗaya, ka koma ɗauko kayanka. Ganin da ka yi gaskiya ne a lokacin da ka yi shi, amma bai riƙe maka wuri ba.

Kada ma a ce sai ɓarawo ya zo. Duk wanda ya san halin sabis a garuruwanmu ya san yadda mutum ke yi idan ya danna maɓalli ya ga abin yana ta juyawa: sake dannawa yake, ya kuma dannawa. Wata manhajar wayar ma da kanta take sake aika buƙata idan amsa ta yi jinkiri. Buƙatun nan kan taru su isa sabar kusan tare.

Ga kuma yadda ake yi da adadin da Malam ya raina. Ba a tambaya tukuna. Sharaɗin ake cusawa cikin umarnin da kansa:

UPDATE katuna SET an_loda = 1, mai_shi = 52 WHERE lamba = ? AND an_loda = 0

Sannan a duba adadi. In ɗaya ne, kai ka ci katin, zuba kuɗi. In sifili ne, ko dai babu katin ko wani ya riga ka, kada ka zuba ko kwabo. Dalilin da ya sa wannan ke aiki a cikin injin rumbun yake. InnoDB, wanda shi ne injin da MySQL ke ɗauka kai tsaye tun daga 5.5 na shekarar 2010, yana kulle layi kafin ya rubuta a kansa. Buƙata ta farko ta kama layin, ta biyu ta zo ta tarar a kulle, ta tsaya jira. Da an saki layin ba za ta yi aiki da tsohon gani ba, sabon abin da ke ciki za ta duba, ta ga an_loda ya zama 1, sharaɗi bai cika ba, ta dawo da sifili. PostgreSQL ma a matakinsa na yau da kullum haka yake yi, yakan jira sannan ya sake gwada sharaɗin WHERE a kan sabon layin. Dubawa da rubutawa sun zama abu guda a ƙarƙashin kulle guda, kuma hanya ɗaya da rumbun zai gaya maka yadda ta kaya ita ce wannan adadi.

A lura kuma, sifilin nan mai harshen damo da Malam ya yi kuka da shi ba ya tasowa a nan. Duk layin da ya cika sharaɗi dole ya sauya, daga 0 zuwa 1, saboda haka tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce. Haka abin yake a cirar kuɗi:

UPDATE asusu SET saura = saura - 5000 WHERE id = 7 AND saura >= 5000

Mai naira dubu bakwai ya aika buƙatar cirar dubu biyar sau goma a tare, ɗaya ce za ta samu adadi 1, taran su dawo da sifili.

To SELECT na bayan aiki fa, wanda Malam ya ce shi ne tabbaci? A misalin katin, buƙatun biyu duka za su duba su ga an_loda ya zama 1, kowace ta ɗauka ita ta yi. Za a ce ai sai a duba sunan mai shi. To idan mutum ɗaya ne ya aiko buƙatun biyu, sunan ɗaya ne. A misalin asusu abin ya fi muni: ka ga saura dubu biyu, ta ina ka san cirarka ce ta rage shi ba ta wani ba? SELECT yana gaya maka halin da layi ke ciki ne, ba ya gaya maka wanda ya sa shi a wannan hali. Ga kuma manyan shafuka da ke raba aiki, rubutu ya tafi babban rumbu, karatu ya tafi kwafinsa. Kwafin kan makara, sai SELECT ɗin tabbatarwa ya dawo maka da labarin da ya riga ya tsufa.

Wannan tazara ta tsakanin dubawa da rubutawa ta ci dukiya a zahiri. A farkon watan Maris na 2014 wani kamfanin ajiyar Bitcoin a Kanada mai suna Flexcoin ya rufe bayan an kwashe masa Bitcoin 896. Bayanin da kamfanin ya bayar da kansa shi ne, maharin ya aika dubban buƙatun tura kuɗi daga wani asusu zuwa wani a lokaci guda, suka wuce kafin a gyara lissafin abin da ya rage. A cikin watan dai kasuwar Poloniex ta yi asarar kashi 12.3 cikin ɗari na Bitcoin ɗin da ke hannunta, ta hanyar buƙatun cirar kuɗi da aka jefa kusan a tare. A 2015 wani mai binciken tsaron manhaja, Egor Homakov, ya nuna za a iya tura kuɗin katin kyauta na Starbucks zuwa wani katin sau biyu a lokaci guda, a lissafa duka biyun. A 2017 kuma Todd Warszawski da Peter Bailis na Jami'ar Stanford suka binciki manhajojin kasuwancin intanet 12 da mutane ke ɗorawa a sabar ɗinsu, suka gano munanan kafofi 22 irin wannan, suka raɗa wa harin suna ACIDRain. A cikinsu akwai kashe katin kyauta fiye da sau ɗaya da kuma ɓata lissafin kayan da suka rage a shago. Waɗanda suka rubuta manhajojin nan ba 'yan koyo ba ne. Tsarin duba-sannan-ka-rubuta ne ke da kyan gani a ido, shi ya sa yake kama har ƙwararru.

Na san abin da Malam zai ce. Zai ce ai sai a ƙunshe SELECT da UPDATE a cikin dunƙulen aiki guda, a buɗe da BEGIN a rufe da COMMIT. Wannan ma zato ne da ya yaɗu. SELECT na yau da kullum a InnoDB ba ya kulle komai, hoton rumbun kawai yake karantawa kamar yadda yake a wani lokaci. Dunƙulen aiki biyu na iya karanta hoto iri ɗaya, su yanke hukunci iri ɗaya, kowa ya rubuta nasa. In ana son karatu ya riƙe layi sai an ce SELECT ... FOR UPDATE. Wannan hanya ce ingantacciya, ina amfani da ita idan hukuncin da za a yanke ya fi ƙarfin a cusa shi a WHERE, kamar a ce sai an duba tebur uku kafin a san abin yi. Da Malam ya ce wa ɗalibansa haka da rabin martanin nan bai taso ba. Amma SELECT tsurarsa ya ce.

FOR UPDATE ɗin ma akwai inda ba ya zuwa. Ga ma'aikata biyu a ofishin makaranta, kowa ya buɗe fom ɗin ɗaliba ɗaya a kwamfutarsa. Ɗaya zai gyara sunan mahaifi, ɗaya zai gyara ajin da aka kai ta. Na farko ya ajiye. Na biyu ya tashi ya yi sallah ya dawo, ya ajiye nasa, fom ɗinsa kuwa na ɗauke da tsohon sunan mahaifin, sai ya shafe gyaran abokin aikinsa ba wanda ya sani. Ba za ka kulle layi ka bar shi a kulle har mutum ya dawo daga masallaci ba, kuma a tsarin shafin intanet buƙatar da ta nuna fom ɗin ta riga ta ƙare tun tuni, ta saki duk abin da ta riƙe. Abin da ake yi shi ne a ƙara wa teburin gurbi guda na ƙidayar gyara, mu kira shi bugu. Fom ya tafi da lambar bugun da ya gani, in ya dawo a ce:

UPDATE dalibai SET aji = ?, mahaifi = ?, bugu = bugu + 1 WHERE id = 31 AND bugu = 4

Wanda ya riga ya mayar da bugu 5. Wanda ya makara ya samu sifili, manhaja ta ce masa wani ya gyara wannan fom bayan ka buɗe shi, sake dubawa. Tunanin a bar kowa ya yi aikinsa ba kulle, sai a ƙarshe a duba ko an yi karo, tsoho ne: H. T. Kung da John Robinson sun yi rubutu a kansa tun 1981. Manyan kayan aikin da ake gina shafuka da su kuma a kan wannan adadi suka jingina shi. Rails na da lock_version, in adadi bai cika ba ya jefo StaleObjectError. Hibernate na da nasa gurbin bugu. Entity Framework na Microsoft, idan ya yi ƙorafin karo, abin da saƙonsa ke cewa ke nan ƙarara: ya sa ran taɓa layi ɗaya, ya taɓa sifili. In adadin maƙaryaci ne, to duk waɗannan a kan ƙarya suke tsaye, kuma sun daɗe a tsayen.

Hujjar Malam ta biyu ba za ta ɗauke mu lokaci ba, domin na ba shi gaskiya ɗari bisa ɗari. Kada kowa ya ƙirga sakamakon SELECT da rowCount. Takardun PHP da kansu sun faɗa cewa ba a lamunce wannan a kowane rumbu ba. A MySQL yakan yi aiki, a SQLite ba zai ba ka adadin ba. Mai son sanin layi nawa ne ya ce SELECT COUNT(*), ko ya ƙirga abin da ya riga ya kwaso. Masu rarraba sakamako shafi-shafi da SQL_CALC_FOUND_ROWS ma su sani MySQL ya sa shi a jerin abin da za a daina tun 8.0.17. Sai dai wannan magana ce ta ƙirga abin da aka karanta. Tamu ta ƙirga abin da aka rubuta ce. Don ma'auni bai yi aikin da ba nasa ba, ba a ce ya lalace ba.

Ta ukun kuwa, biyun nan da ake samu a ON DUPLICATE KEY UPDATE ba ɓatan lissafi ba ne, da gangan aka yi kuma a rubuce yake: 1 in sabon layi aka saka, 2 in tsoho aka gyara, 0 in tsohon aka tarar kuma babu abin da ya sauya. In ka ɗaga tutar nan ta FOUND_ROWS, wannan sifilin ya koma 1, wanda ke nufin ka rasa bambanci tsakanin sabon layi da tsohon da bai sauya ba, don haka mai ɗaga ta ya san abin da ya sayar. A kan layi guda wannan tsari yana da amfani, don a tafiya ɗaya ka san ko sabon mai rajista ne ko tsoho. A kan layi ɗari da aka aika a dunƙule kuwa ban ga amfaninsa ba. A ce maka 130, yaya za ka raba? Sababbi 70 da gyararru 30 ne, ko gyararru 65 da wasu 35 da ba su motsa ba? A nan ina tare da Malam.

Bari ma in ƙara masa wasu hujjojin da bai kawo ba, don kada a ce na ɓoye. Idan ka goge layin uwa, 'ya'yansa a wani tebur suka bi shi ta hanyar ON DELETE CASCADE, adadin da za a ba ka bai haɗa da su ba. A SQLite, sqlite3_changes ba ya lissafa abin da TRIGGER ya taɓa. TRUNCATE a MySQL zai share tebur kaf ya ce maka sifili. A SQL Server, TRIGGER da aka rubuta ba tare da SET NOCOUNT ON ba na iya jefo nasa adadin ya rikita manhajar da ke saurare. Duk wannan na nuna adadin ba littafin binciken kuɗi ba ne, ba zai ba ka tarihin duk abin da ya motsa a rumbu ba. Wanda ke son ganin ainihin layukan da aka taɓa, PostgreSQL na da RETURNING tun 8.2 na 2006, SQLite ya samu nasa a 3.35 na 2021. Amma RETURNING ɗin ma ɗan gidan su adadin ne, ba ɗan gidan SELECT na daban ba, domin daga bakin umarnin da ya yi aikin yake fitowa.

Saura maganar da ta fi tayar mini da hankali a rubutun, ko da yake a gurguje Malam ya faɗe ta: wai in babu kuskure to aiki ya yi. A wurin rumbun bayanai, UPDATE da bai tarar da kowa ba ba kuskure ba ne. An ce ya gyara duk layin da ya cika sharaɗi, babu wanda ya cika, ya gama aikinsa lafiya lau. Tun PHP 8.0 PDO ke jefo ƙorafi da kansa idan umarni ya karye, mysqli ma ya bi sahu a 8.1, kuma wannan ci gaba ne. Amma ƙorafin na umarnin da ya karye ne, kamar a rubuta sunan tebur ba daidai ba ko haɗi ya yanke. Umarnin da ya tafi lafiya ya dawo hannu rabbana ba zai tayar da kowa ba. Daga nan ake samun shafin da zai nuna maka koren rubutu ya ce an ajiye, ka dawo gobe ka tarar babu abin da aka ajiye. A mysqli abubuwa uku ne a rarrabe: -1 kuskure, 0 ba a taɓa kowa ba, sama da haka an taɓa. Wanda ya haɗe na biyu da na uku ya ce duk nasara ce, ya rufe idonsa da hannunsa.

Haka nan wajen kare haƙƙin mutane. Idan mai amfani da shafi ya nemi goge saƙo mai lamba 900, umarnin da ya dace shi ne wanda ya ce a goge in lambar 900 ce kuma mai saƙon shi ne wannan da ya shigo. Adadi ya dawo sifili, ka san ko dai babu saƙon ko ba nasa ba ne, ka mayar masa da 404 ba tare da ka tona masa wanne ne daga ciki ba.

Kuma adadin ba ta ƙasa kaɗai yake tsaro ba, har ta sama. Kowa a wannan sana'a ya san labarin wanda ya manta WHERE, ko ya rubuta OR inda AND ya kamata, ya mayar da kalmar sirrin dukan jama'a iri ɗaya. MySQL har wani zaɓi gare shi na hana irin wannan, sql_safe_updates, wanda a tagar umarni aka yi masa laƙabin tsokana da --i-am-a-dummy. To a cikin manhaja, idan ka san layi ɗaya kake nufi, ka buɗe BEGIN, ka aika umarni, ka duba adadi, in ba 1 ba ne ka ce ROLLBACK. Ka ga 4,000 a inda kake jiran 1, ka janye kafin kowa ya gani. SELECT na share fage ba zai cece ka a nan ba, don sharaɗinsa daban aka rubuta shi, yana iya zama daidai alhali na UPDATE ɗin ne ya karkace. Abu ɗaya da zan ja kunnen masu koyo a kai: adadi 1 a cikin dunƙulen aiki ba ya nufin an gama. Sai COMMIT ya wuce lafiya sannan a aika wa mutum saƙon cewa kuɗinsa sun shiga.

Ina roƙon Malam, tunda yana da ɗalibai da kwamfuta a gabansa, ya gwada wannan a aji. Ya buɗe tagar mysql biyu a kan tebur ɗaya na InnoDB mai kati guda da ba a loda ba. A kowace taga ya buga BEGIN, sannan SELECT. Duka biyun za su nuna masa an_loda 0, wato a tsarinsa duka biyun sun samu izinin zuba kuɗi. A taga ta farko ya buga UPDATE ɗin nan mai sharaɗin an_loda = 0, zai ga layi 1. Ya buga shi a ta biyu, zai ga ta tsaya cak tana jira. Kada ya wuce daƙiƙa 50, don nan ne iyakar haƙurin InnoDB in ba a canza ba. Ya koma ta farko ya ce COMMIT. Nan take ta biyu za ta farka ta ce 0 rows affected.

Sannan, kafin ya rufe taga ta biyun, ya yi abin da ya koya wa mutane: ya sake buga SELECT don tabbatarwa. Matakin da InnoDB ke aiki da shi kai tsaye, REPEATABLE READ, yana riƙe wa dunƙulen aiki hoton da ya ɗauka a karatunsa na farko. Saboda haka SELECT ɗin zai ce masa an_loda 0, katin na nan ba a loda ba, alhali an loda shi an rufe a ɗaya tagar, kuma adadin ya riga ya gaya masa haka.